Daidaita keke da jikina kafin tafiyar Garwa zuwa Ngaundare

Lahadi, 3 ga Nuwamba 2024

Niyyata ita ce in taka keke daga nan Garwa har Ngaundare a Kamaru, kusan kilomita 280, da kayana a baya, in sha Allahu cikin watan Fabrairu kafin azumi ya kama kuma kafin zafin Maris ya sauko mana. Hanyar dai kowa ya san ta, ka tsallake gadar Binuwai ka bi Ngong, ka wuce Guna, ka ratsa gefen gandun dajin Binuwai har Mbe, toh daga nan ne magana take canzawa don falez, wato babban hawan dutse, na gabanka. Garwa wajen mita 200 take daga matakin teku, Ngaundare kuwa ta haura mita 1,000, kuma kaso mai yawa na hawan nan a dunƙule yake wuri ɗaya. Phoenix ɗina na zuwa kasuwa yana ɗaukar buhun masara ko gezau ba ya yi, amma giya ɗaya gare shi, ba zai hau ba. Don haka wani keken nake nema, kuma zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya saboda masu irin wannan sha'awar, na san akwai su a Marwa da Kusiri da Njamena.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke sayen keke a nan. Ka je wajen mai sayarwa tambaya ɗaya zai maka, 26 kake so ko 28? Wannan fa girman taya ne, ba girman keke ba. Kekuna biyu za su iya zama duk masu taya 26 amma ɗaya na yaro ɗan shekara goma sha uku ne ɗaya na ƙato. Girman keke yana jikin kadar, wato ƙashin keken, kuma ba za ka san wanda ya dace da kai ba sai ka fara auna kanka.

Yau abin da na yi kenan. Na cire takalmi, na jingina bayana da bango, na ɗan buɗe ƙafa kaɗan, na sa littafi mai kaurin bango a matsematsina na tura shi sama da ƙarfi yadda sirdi zai tokare ni in na zauna, ƙanena ya ja layi da fensir a bango daidai saman littafin, muka auna da tef ɗin tela. Santimita 84. Tsayina gaba ɗaya 176. Kar ka ɗauki awon wandon da telanka ya rubuta, shi yana barin sarari a hantsa kuma ba ya kai ƙasa, zai rage maka santimita da yawa.

Tsohon lissafin masu keken tsere shi ne ka ninka wannan awon da 0.65, ya ba ni 54.6, wato kadar mai 54 ko 55. Keken dutse kuwa, VTT, ana yin sa ƙasa da haka sosai, nawa zai kama inci 18 ko 19, wajen santimita 46 zuwa 48. Na rubuta a takarda na sa a aljihu.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na wuni wajen masu kekunan gwanjo, waɗanda ake kawowa daga Turai ta Duwala, da tef ɗina a hannu, har yaran shago suna ta kallona. Akwai wata tsohuwar Peugeot ta tsere, siririya, mai 55, wlh ta shiga raina, a lissafi ita ce tawa daidai. Amma da na sa tef daga cibiyar feda, wato inda hannayen feda ke juyawa a jikin kadar, zuwa aksil ɗin tayar baya sai na ga santimita 41 ne kawai. A nan gizo ke saƙar ga mai tafiya da kaya. In ƙarafan bayan nan gajeru ne, jakunkunan da ka rataya a gefen kariya suna matsowa gaba, duk zagayen feda sai dunduniyarka ta doke su, in kuma ka tura su baya can sai nauyi ya koma bayan aksil gaban keke ya riƙa rawa. Kekunan da aka ƙera musamman don doguwar tafiya, irin su Surly Long Haul Trucker na Amurka, suna da 46 a wurin, shi ya sa suke da tsawo suke zama daram a hanya. Ga shi Peugeot ɗin ba ta da ramukan ɗaura kariya, kuma taya mai kauri ba za ta shiga ba. Na bar ta.

Sabbin VTT masu sifirin a gaba da baya ma na wuce su, sifirin yana shanye ƙarfin ƙafa a kan gudiron, wato kwalta, ga nauyi, ga ba wurin kariya.

Wanda na tsaya a kansa tsohon VTT ne na ƙarfe, irin na shekarun 1990, ba sifirin ko ɗaya, fenti duk ya koɗe, amma akwai tambarin 4130 a jikinsa, wato ƙarfen kuromoli. Bututun sirdi santimita 48, ƙarafan baya 43, akwai ramukan kariya gaba da baya, giya uku a gaba. Na tsaya a kansa ƙafafuna biyu a ƙasa, na ɗaga keken har ya taɓa ni, tayoyin suka tashi wajen yatsa huɗu daga ƙasa. Ana son ko ba komai a samu santimita 3 zuwa 5 tsakaninka da bututun sama, don ranar da ka diro ba shiri a cikin yashi da kaya a baya, wannan sararin shi zai cece ka.

Dattijon da ke min gyaran keke tun ina yaro na ɗauko ya duba min. Ya bi walda ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya ɗaura zare daga ƙugiyar tayar baya ya zagayo ta wuyan keken ya dawo ɗaya gefen, ya gwada tazarar zaren da bututun sirdi dama da hagu, ya ce “bai taɓa cin karo ba, miƙe yake.” Na ce Baba, ba ka ganin ya min ƙarami? Ya ce “ɗana, tsayi ana ƙara shi da sandar sirdi, tsawo ne ba ya gyaruwa, auna min na sama.” Na auna daga tsakiyar wuya zuwa sandar sirdi a miƙe, ba bin gangaren bututun ba, 58. Ya ɗan yi shiru ya ce da tsawo kam, amma wuyan da ke riƙe kan keken ya yi yawa, in an canza zai zauna. Wannan maganar tasa ita ce duk abin da masu ƙera keke na yanzu suke nufi in suna ba da awo biyu, yadda gaban keke ya kai a tsayi da yadda ya yi nisa daga cibiyar feda, sun daina dogara da lambar bututun sirdi ita kaɗai.

Wani dalilin da ya sa na karkata gare shi, taya. In ka duba gefen taya za ka ga wata lamba, 559 ita ce 26 ta VTT, 622 ita ce ta keken tsere, 635 ita ce 28 ta su Phoenix da Rali. Mai 559 da 635 za ka same su a kusan kowace kasuwar ƙauye a hanyar nan, mai 622 kuwa sai ka dace.

Laraba, 13 ga Nuwamba

An yi ciniki, keke ya zo gida. Sandar sirdi ta ci tsatsa ta ƙi motsi, Baba ya kifa keken ya zuba mai ta ciki ya ce a bar shi ya kwana biyu, kar wanda ya sa guduma. Yau ta fito. 26.8 aka buga a jikinta, na rubuta, don sandar sirdi kala-kala ce, akwai 25.4 akwai 27.2, in ka sa siririya ka matse da ƙarfi bakin bututun ne zai tsage.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Tsayin sirdi. Wannan zan ɗan daɗe a kai don shi ne abin da na ga kusan kowa a garin nan yana cutar da kansa da shi. Mun saba mu sauke sirdi yadda mutum na zaune tafin ƙafarsa biyu na ƙasa, saboda tsayawa a karfur, wato mararraba, da ɗaukar kaya da goyon yara, kuma don zuwa kasuwa ka dawo ba wani laifi. Amma a haka gwiwa ba ta taɓa miƙewa, a lanƙwashe take aiki, kuma mutumin da ke juya feda sau 70 ko 80 a minti ɗaya, cikin awa ɗaya ya haura zagaye 4,000, ka lissafa wuni guda. Dattawan da suka yi shekaru suna kai itace da gawayi gari a keke, ka tambaye su ina ke musu ciwo, gaban gwiwa za su dafa maka.

Hanyoyin da na sani guda huɗu ne kuma duk na gwada don in ga ko za su haɗu. Akwai na Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar tseren keke ta Tour de France a 1986 da 1989 da 1990, wanda ya samo daga kocinsa Bafaranshe Cyrille Guimard, ka ninka awon ƙafarka da 0.883, ka auna daga tsakiyar cibiyar feda zuwa saman sirdi kana bin bututun. Nawa 74.2. Akwai na masu bincike Hamley da Thomas na 1967, kashi 109 cikin ɗari na awon ƙafa, amma shi daga aksil ɗin feda ake aunawa lokacin da take can ƙasa, ya ba ni 91.6, in na cire tsawon hannun feda, wanda aka buga 175 a bayansa wato santimita 17.5, saura 74.1. Ka ga sun haɗu. Na uku shi ne na Holmes na 1994, ba ruwansa da ninkawa, kusurwar gwiwa yake dubawa, in feda na ƙasa gwiwa ta rage digiri 25 zuwa 35 kafin ta miƙe sarai. Na huɗu shi ne na su Baba, ka ɗora dunduniya a kan feda ka juya baya, ƙafa ta miƙe tsaf a ƙasa ba tare da ƙugunka ya karkata ba, in ka dawo da gaban ƙafa kan feda sai ka ga 'yar lanƙwasar da ake so ta fito da kanta.

Na fara da 73.5, ƙasa kaɗan da lissafi, da gangan, domin lissafin LeMond na masu takalmin tsere ne da ke maƙale da feda, ni kuwa kambas zan sa a kan feda mai faɗi, kuma jikin da ya saba da sirdi a ƙasa ba a ɗaga shi lokaci guda. Na jingina da bango ƙanena ya ɗauke ni hoto daga gefe, wayar daidai tsayin gwiwa, muka ɗora abin auna kusurwa na 'yan makaranta a kan hoton, wajen digiri 32. Ya yi.

Na taka zuwa Pitowa, da ma yau ranar kasuwarta ce, na dawo. Ƙarfin da ke shiga feda daban ne, cinya ce ke aiki gaba ɗayanta. A karfur kam dole ka zamo gaba ka sauka daga sirdi kafin ka sa ƙafa, kan yatsu kawai ke taɓa ƙasa in kana zaune, kuma haka ya kamata ya zama. Wani mai moto har ya rage gudu ya ce Malam keken ya fi ƙarfinka, na ce a'a daidai ne.

Alamar da za ka riƙe: ciwo a gaban gwiwa yawanci sirdi ya yi ƙasa, ciwo a bayanta ko ƙugu yana rangaji dama da hagu ya yi sama. Kuma a jikin sandar sirdi akwai layin da aka zana, kar ka taɓa fito da ita ta wuce shi.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Gaba da baya na sirdi. Na ɗaura noti a bakin zare, na zauna, feda ta dama tana gaba hannunta a kwance, na riƙe zaren a ƙasan ƙoƙon gwiwa na sake shi, ƙa'idar ta ce ya faɗo daidai aksil ɗin feda. Nawa ya faɗo gaba da kamar santimita ɗaya da rabi. Keith Bontrager, mai ƙera kekuna a Amurka, ya daɗe da yin rubutu cewa ƙa'idar nan ba ta da tushe a yadda jiki ke aiki, kuma ni ma wurin farawa kawai na ɗauke ta. Gwajin da na fi yarda da shi shi ne kana cikin tafiya a miƙaƙƙiyar hanya kana taka feda da ɗan ƙarfi, ka sassauta hannunka daga kan keke ba tare da ka ɗago ba, in ka ji za ka kifa gaba toh sirdin ya yi gaba, nauyinka a hannu yake. Na mayar da shi baya santimita ɗaya da rabi, na sake gwadawa a hanyar filin wasa na Rumde Ajiya da sassafe, na iya riƙe kaina.

Abin da mutane ba sa lura da shi, in ka tura sirdi baya ka nisanta shi da feda kenan, kamar ka ɗaga shi ne, don haka na sauke milimita 3. Sannan na ari lebur wajen magini maƙwabcinmu na ɗora a kan sirdin, na daidaita shi a kwance. Hancinsa in ya kalli ƙasa zamewa za ka riƙa yi kana tokarewa da hannu, in ya kalli sama kuma yana danne inda bai kamata ba.

Abu ɗaya nake canzawa a lokaci guda, in taka, in saurari jiki, sannan in taɓa na gaba.

Asabar, 7 ga Disamba

Yanzu aka zo wurin da Baba ya hango tun a kasuwa. Ƙafa ta samu lafiya, amma bayan kamar awa ɗaya da rabi a hanya minjirya tana kama ƙaramin yatsana da na kusa da shi, wuyana kuma yana ƙagewa saboda ɗaga kai in ga hanya. Yatsun nan biyu jijiya ɗaya ke kula da su, tana bi ta gefen tafin hannu na wajen ƙaramin yatsa, daidai inda mutum ke dannawa in ya miƙe da yawa. Ba abin wasa ba ne, masu doguwar tafiya akwai waɗanda suke makonni yatsun ba su dawo daidai ba.

Dalilin a fili yake. Wuyan da ya zo da keken santimita 13 ne, a kwance, haka ake yayi a shekarun da aka yi shi, kuma kan keken yana ƙasa da sirdi da santimita 7. Wannan zaman 'yan tsere ne, irin wanda samarinmu suke kwaikwaya in sun kalli Tour du Faso ko Tour du Cameroun, kuma ga mai gudun awa uku da mota na bin sa da ruwa yana da amfani. Mai tafiyar wuni guda, gobe ma ya tashi ya ci gaba, abin da yake buƙata kan keke ya zo daidai da sirdi ko ya ɗan fi shi, baya ya karkata wajen digiri 45, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe don ta shanye ramuka, kafaɗa a sake.

Wani ya ba ni shawarar in matso da sirdi gaba kawai in huta. A'a. Sirdi na ƙafa ne, an gama da shi, matsalar hannu a wuya ake gyara ta. In ka matso da sirdi ka ƙara wa hannun nauyi ne ma. Wani kuma ya ce a kai wa mai walda ya yanke wuyan ya rage ya ɗinke, wannan kam ban yarda ba ko kaɗan, ina tunanin gangaren falez a dawowa da kaya a baya, raina ba zai kwanta da wuyan da aka yi wa ɗori ba.

Muka shiga tarin tsofaffin kayan Baba. Irin wuyan nan mai shiga cikin bututu da dogon noti a sama, nawa 22.2 ne, kuma a kula, tsofaffin kekunan Faransa 22.0 suke amfani da shi, ido ba zai gane bambancin ba sai an auna. Bakin da ke riƙe kan keken 25.4. Can ƙasan wani buhu muka samu mai santimita 9 wanda ya tashi sama. Baba ya sa ni in ɗora gwiwar hannu a hancin sirdi in miƙa yatsu, ya ce su kusa taɓa kan keken, da tsohon wuyan saura yatsa biyar, da wannan saura biyu. Awon gargajiya ne, ba ya aiki ga kowa don hannu ya bambanta, amma a wurina ya yi daidai da abin da na ji da na hau. Shi ma wuyan yana da layinsa na iyaka, mun tsaya ƙasa da shi. Wayar birkin gaba ta yi gajarta sai da aka sa sabuwa.

Yanzu kan keke da sirdi sun daidaita. Faɗinsa 58 na bar shi haka, na ƙara 'yan ƙahonin nan na gefe don hannu ya samu wurin canza riƙo, sannan na juya hannun birki ya kalli ƙasa yadda wuyan hannu zai miƙe da damtse ba ya karye baya ba.

Lahadi, 15 ga Disamba

Minjirya ta tafi, alhamdulillahi. Amma da na ɗago sai nauyi ya koma kan sirdi, siririn da ya zo da keken ya fara ci na. Haka abin yake, ka taɓa nan can ya amsa.

Na ɗora kwali mai kauri a kan benci na zauna na ɗan karkata gaba na ɗaga ƙafafu, na tashi, ramuka biyu suka fito, tsakiya zuwa tsakiya santimita 12. Waɗannan ƙasusuwan su ya kamata su ɗauki mutum. Sirdin kuwa faɗinsa 13 har da gangaren gefe, kenan ƙasusuwan a bakin gefe suke, tsakiyar jiki ke shan nauyi. Ana ƙara kamar santimita 2 zuwa 3 a kan awon, kuma iya miƙewar zamanka iya faɗin da kake buƙata. Brooks B17 na Ingila, na fata, wanda masu zaga duniya suka daɗe suna yabo kuma ake yin sa tun ƙarshen ƙarni na 19, faɗinsa wajen 17 ne. Nan ba a samun sa. Na Phoenix mai sifirin ya yi faɗi da yawa, yana gogar cinya in ka karkata. Na samu na gwanjo mai 15.5, mai tauri, da ɗan kwari a tsakiya.

Soson da ake ɗaura wa sirdi a lulluɓe da leda, don Allah a daina in tafiya mai nisa ce. Ƙashi yana nutsewa ciki, soson ya taso ya danne tsakiya, ga zufa ga gogayya. Sabon sirdin ya fi tsohon tudu, sai da na sake aunawa daga cibiyar feda na dawo da shi lambarsa.

Lahadi, 5 ga Janairu 2025

Gwaji da kaya, zuwa Ngong da dawowa. Jakunkuna biyu na tamfol da wani mai ɗinkin kujerun mota ya ɗinka min, suna rataye a kariya dama da hagu kamar mangala, na zuba duk abin da zan tafi da shi har da ruwa lita shida, kilo shida kenan shi kaɗai. Tun kafin gada dunduniyar hagu ta fara shafar jaka, ƙarafan bayan 43 ne ba 46 ba, na tsaya na ja su baya santimita 3, ya wuce. Na ce wa mai ɗinkin ya yanke min kusurwar gaba ta ƙasa ya yi ta a karkace, sai in dawo da su gaba.

Da duk kayan a baya, in na kai wani gudu a gangare kan keken yana ɗan karkarwa. Na mayar da ruwa lita uku gaba, biyu a jikin kadar ɗaya a ƙaramar jaka ƙarƙashin kan keke, masu nauyi kamar su alanki da tif na ajiya na tura su can ƙasan jaka kusa da taya, karkarwar ta ɗauke. Kariyar an buga mata kilo 25, ban kusanci haka ba.

Zuwa iska tana bayana, don hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, dawowa kuwa muka yi gaba da gaba da ita, ga ƙura ga manyan kamiyon auduga suna wucewa suna jijjiga ka. Nan ne na ji kuɗin da zaman miƙe yake ci, ƙirji yana tare iska sosai. Na kama ƙahonin na lanƙwasa hannu na sunkuya, ya rage, kuma na iya zama haka na tsawon lokaci ba tare da baya ya yi ƙorafi ba, wanda ya nuna min tsawon ya zauna. Na yi tunanin sauke kan keken santimita ɗaya na fasa, tafiyata kudu za ta yi, iskar taimako za ta min.

Ƙafa kuma, tudun ƙasan babban yatsa a kan aksil ɗin feda ko ɗan gaba da shi kaɗan. Silifa ba za ta yi ba, tana lanƙwashewa tafin ƙafa ya yi zafi, kuma kaurin takalmi yana canza tsayin sirdi, don haka kambas ɗin da na yi awo da shi da shi zan tafi.

Asabar, 11 ga Janairu

Gaban gwiwar dama ya ɗan yi magana washegarin Ngong, ba ciwo sosai ba. Na ɗaga sirdi milimita 4, jiki ya saba yanzu, kuma na lura a 'yan hawan da ke hanyar ina riƙe giya mai nauyi, wanda shi ma yana cin gwiwa ko da sirdi na daidai. Ƙaramin faranti na gaba haƙora 28 ne, babban na baya ma 28, wato zagayen feda ɗaya zagayen taya ɗaya. Ga falez da kaya bai isa ba a ganina, Baba ya yi min alƙawarin nemo na baya mai 32 ko 34 wajen wani abokin sana'arsa a Marwa.

Ɗan yayata ya zo yana roƙon aron keken ya je ɗaurin aure Figil, na ce masa ya ɗauki Phoenix. Ya ce Kawu ai sirdin kawai zan sauke, na ce shi ne fa ba na so. Na zauna na auna shi a bango, 78, na rubuta masa lambobinsa, in ya tara kuɗi mu je tare da tef.

Lambobin da na tsaya a kai, na rubuta a takarda na naɗe a leda na sa a jakar alanki, na kuma zagaye sandar sirdi da wuya da baƙin salatif daidai inda suka shiga: cibiyar feda zuwa saman sirdi 73.6, hancin sirdi yana bayan cibiyar feda da 6.5, hancin sirdi zuwa kan keke 50, kan keke daidai da sirdi, sirdi a kwance.

Saura giyar baya, da gyaran jakunkuna, da gwaji na kwana biyu a jere, Lagdo in kwana in dawo, don sai a rana ta biyu ake sanin gaskiyar sirdi. Na sa shi Asabar 25 ga wata in Allah ya kai mu.